Yadda muka auna faifan birkin motata

Motata Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Amurka, irin waɗanda ake shigo da su bayan sun yi shekaru a hannun wani. Bayan damina ta fito da wata ɗabi'a: idan ina gudu a babban titi na taka birki, sai sitiyari ya kama kaɗawa a hannuna, feda kuma ta riƙa bugun tafin ƙafata, tana tasowa tana komawa. A cikin gari, inda ba a wuce kilomita 40 ko 50 a awa, lafiya ƙalau take. Sai an haura 80 abin yake fitowa. Ga shi aikina yana kai ni Jos daga Kaduna, wani lokaci har in gangara Akwanga, kuma duk wanda ya san Hawan Kibo ya san ba wurin da ake shiga da birkin da ake shakka ba ne.

Shawara kam na sha ta. Wani ya ce balansin taya ne, wani ya ce tayarod, wani ya ce a canza fad (abin da ke matse faifan birki) kawai a huta. Zancen balansin bai shige ni ba, domin tayar da ba ta daidaita ba tana girgiza mota ko an taka birki ko ba a taka ba, muddin an kai gudun da take yi. Tawa kuwa sai ƙafa ta hau feda. Wannan ya sa zargina ya koma kan faifan birki, wanda a gareji aka fi kira dis.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike. A ƙuruciyarsa ya yi aiki a masana'antar Peugeot da ke Kakuri, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, zamanin da 504 ke tashe, kuma da alama can ya samo halin da ya bambanta shi da yawancin waɗanda na sani: ba ya yanke wa ƙarfe hukunci sai ya auna shi. Garejin ba wani babba ba ne, rumfar kwano ce da benci da yara masu koyon aiki. Amma akwai wani ƙaramin akwatin katako da shi kaɗai yake buɗewa.

Bayan mun gaisa na yi masa bayani, na ce ina jin faifan ne ya lanƙwashe.

"To, Malam, mu ji daga bakin motar tukuna," in ji shi. "Ba ni makulli."

Muka hau titin bayan gari, ya ba ta wuta har ta kai wajen 90, sannan ya ɗora ƙafa a hankali. Sitiyari ya kama rawa. Ya ɗaga ƙafa, ya daina. Da ya rage gudu sosai a inda babu mota a bayanmu, sai ya danne maɓallin birkin hannu da babban yatsa ya riƙa jan shi kaɗan-kaɗan, motar ta rage gudu sumul. Ya ce birkin hannu ƙafafun baya kaɗai yake kamawa, da a can matsalar take da mun ji ta yanzu, kuma da a kujera za a fi jin ta, ba a sitiyari ba. Ke nan aikinmu a gaba yake.

Da muka dawo bai bari an taɓa komai ba sai da ƙarfen ya huce. Aka ajiye motar a kan siminti mai daidai, aka tokare tayoyin baya da katako, aka sassauta notuna tun taya tana ƙasa. A nan na fara ganin abin da ban taɓa lura da shi ba. Notuna biyar ne a kowace taya. A ɓangaren direba biyu sun kwance ba gardama, biyu sun ɗan yi tauri, na biyar kuwa sai da yaron ya ƙara bututu a wil-sifana ya hau da ƙafa. Baba bai ce uffan ba, ya dai tambaye ni wa ya ɗaura tayar a ƙarshe. Na ce wani mai faci ne a hanya. Ya ce in riƙe wannan a raina, za mu dawo kansa.

Bayan an ɗaga da jak sai aka saka ƙarfen tokare a ƙarƙashin motar, aka sauke nauyin a kansa. Abin yana damuna ƙwarai yadda ake ganin samari kwance a ƙarƙashin mota ba abin da ke riƙe da ita sai jak ko tarin duwatsu. An yi jak ne don ɗagawa, ba don riƙewa ba, kuma ƙarfen tokare ko mai walda na unguwa zai iya haɗa shi.

Kafin a cire tayar, Baba ya kama ta sama da ƙasa ya jijjiga, sannan dama da hagu. Ba ta yi wasa ba, wato boris da tayarod ba su da laifi. Wannan yana da muhimmanci, domin idan boris ya saki, duk awon da za a yi daga baya ƙarya zai bayar. Ya juya tayar da hannu. Ta ɓangaren fasinja ta yi zagaye mai kyau kafin ta tsaya, ta direba kuwa tana ɗan gurzawa a wuri guda, shak, shak, sannan ta tsaya da wuri.

Da taya ta fita, ga faifan nan yana ƙyalli. Fuskar waje sumul take, sai ɗan tudu a bakin gefe inda fad ba ya kaiwa. Yaron ya shafa da yatsa ya ce, "Oga, dis ɗin nan ai da sauransa." Ni ma da idona abin da zan ce ke nan. A wannan gaɓar ce ake gama duba faifai a yawancin wuraren da na taɓa kai mota: a leƙa, a shafa, a saka sabon fad, a mayar da taya.

"Fuska ɗaya ka gani," Baba ya ce masa. "Kawo sifana 14."

Aka kwance bol biyu, kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da fad yana matse su a kan faifai, ta fito, ya rataye ta da waya a jikin sifirin. Bai yarda a bar ta tana lilo a kan tiyon mai ba, domin nauyinta yana iya lalata tiyon daga ciki ba a gani ba. Sannan ya zaro fad biyun ya jera min su a kan kwali. Na waje yana da nama kamar milimita 6. Na ciki bai fi 2 ba, kuma cin nasa a karkace yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya sirantaka. Sabon fad na wannan motar milimita 11 ne, Toyota kuma ta sa iyakarsa a milimita 1, kodayake masu hankali ba sa jira ya kai can. Mai leƙawa ta ramin rim na wajen kawai zai gani, ya tafi da kwanciyar rai.

Dalilin wannan bambanci yana jikin wasu sanduna biyu da kalifa ke zamewa a kansu. Kalifar Corolla fistin ɗaya gare ta, a ɓangaren ciki. Idan an taka birki, fistin yana tura fad na ciki, ita kuma kalifar tana zamewa a kan sandunan ta jawo na waje, su matse faifan tare. Idan sanda ta cije, na ciki ne ke ɗaukar aikin, kuma ba ya sakin faifan sosai ko bayan an ɗaga ƙafa. Sandar sama ta fito da sauƙi. Ta ƙasa sai da aka murɗa ta da filaya. Robar da ke rufe ta ta tsage, ruwa da ƙura sun shiga, giris ya bushe ya zama baƙin gari.

Daga nan ya karkata sitiyari, ya ba ni tocila ya ce in leƙa bayan faifan da kaina. Akwai farantin kwano da ke kare shi, shi ya sa ba a ganinsa sai an nema. Abin da na gani bai yi kama da fuskar waje ba ko kaɗan. Layuka ne zagaye-zagaye, wasu na sa farce ya maƙale a ciki. Daga gefen waje da na ciki tsatsa ta ci ta shigo, ta bar wata siririyar hanya a tsakiya, ita kaɗai fad yake kamawa. A wurare biyu ko uku akwai tabo mai duhu, launinsa tsakanin shuɗi da baƙi, ga wasu 'yan tsage ƙanana, gajeru, a kwance bisa fuskar ƙarfen.

Faifan gaba ba dunƙulallen ƙarfe ba ne. Faranti biyu ne na ƙarfen zubi da aka haɗa da haƙarƙari a tsakani, iska tana bi ta ramukan tana fitar da zafi yayin da yake juyawa. Nawa ramukan rabi a toshe suke da busasshen laka na jar ƙasa da ɓawon tsatsa. Lakar tamu ce. Tsatsar kuwa, in ji Baba, da yawanta daga can aka zo da ita, domin a jihohin arewacin Amurka gishiri ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, kuma motar da ta yi shekaru a can ƙarƙashinta yakan nuna.

Sai da na fahimci yawan zafin da ƙarfen nan ke sha sannan na gane dalilin damuwarsa da ramukan. Aikin birki shi ne mayar da gudu zafi. Mota mai nauyin kilo 1,200 da ke gudun kilomita 100 a awa, idan aka tsayar da ita cak, zafin da ke fita ya isa ya tafasa ruwa wajen lita ɗaya da rabi, cikin 'yan daƙiƙu, kuma mafi yawansa a kan faifan gaba biyu yake sauka, saboda nauyin mota gaba yake komawa idan an taka birki. In gudu ya ninka biyu, zafin huɗu yake ninkawa. A doguwar gangara abin ya fi muni, domin zafi yana shiga ba ƙaƙƙautawa, ƙarfen bai samu sararin hucewa ba. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke saukowa da ƙaramar giya, injin ya riƙe motar, birki ya huta. Mai otomatik ma yana da 2 da L don wannan aikin. Tabon shuɗin nan shaidar wurin da ya yi zafi fiye da kima ne, kuma ƙarfen wurin yakan yi tauri fiye da na kewayensa, ya daina cinyewa daidai da sauran. Game da tsagen, Baba ya ce ƙananan da ke kwance a fuska alamar gargaɗi ce. Wanda ya kai bakin gefe, ko wanda farce ke shiga, ko wanda ya nufi wajen ramukan noti, wannan ba a tattaunawa a kansa, faifan ya gama aiki. Ya kuma ja min kunne kan shiga wajen wankin mota kai tsaye daga doguwar tafiya a watsa wa ƙarfe mai zafi ruwan sanyi.

Yaron ya sunkuya zai hure ƙurar da baki, Baba ya dakatar da shi, ya sa ya jiƙa tsumma ya goge. Ƙurar birki ba abin shaƙa ba ce, kuma ba kowane fad ne mutum ya san abin da aka haɗa shi da shi ba.

Yanzu aka zo kan abin da ya sa nake wannan rubutu. Baba ya ɗauki buroshin ƙarfe ya goge wani wuri a jikin faifan har rubutu ya fito: MIN TH, sai lamba 23.0. Kamfanin da ya ƙera faifan ne ya buga ta, kuma kusan kowane faifai yana da irinta, ko a gefe ko a jikin tudun tsakiya. Ma'anarta ita ce kaurin da in ƙarfen ya gaza shi, kada a ƙara amfani da shi. Sabon faifan wannan motar milimita 25 ne. Ke nan duk rayuwar faifan, daga sabunta zuwa mutuwa, milimita biyu ce, ɗaya a kowace fuska. Shekara da shekaru ina tuƙi, ana canza min fad, ba wanda ya taɓa nuna min wannan lambar.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma gaskiya ne a kasuwar hatsi. A nan ƙimar ido ba ta wadatar ba. Ba wanda zai kalli ƙarfe ya bambance 23.4 da 22.7, alhali tsakaninsu ne hukuncin yake. Faifan da ya yi siriri ƙarfen da zai shanye zafi ya ragu, sai ya yi saurin ɗaukar wuta, birki ya yi sanyin kamu a daidai lokacin da ake buƙatarsa, tsagewa ta zo da sauƙi, fistin kuma ya riƙa fitowa fiye da inda aka tsara masa.

Sai ya buɗe akwatin nan. A ciki akwai maikiromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, naɗe cikin tsumma mai ɗan mai, da wani agogon awo mai allura da gindin maganaɗisu. Na tambaye shi me ya hana a yi amfani da baniya, ma'aunin nan mai leɓɓa biyu da ake zamewa, tunda ita na fi gani a hannun mutane. Ya nuna min tudun da ke bakin faifan. Baniya leɓɓanta a miƙe suke, kan tudun za su hau, su ba ka kaurin wurin da fad bai taɓa ci ba, ka ɗauka faifan sabo ne. Maikiromita kuwa tana tsallake tudun ta sauka a inda ake aikin.

Ya raba faifan gida takwas da alli, ya auna kowane gida kamar milimita 10 daga baki, yana faɗa yaron yana rubutawa a kwali. Yadda yake murɗa ta ma abin kallo ne: da 'yan yatsu biyu, ta ɗan maɓallin ƙarshe, har ta yi ƙas-ƙas, ba ya matsawa da ƙarfi. Mafi kauri ya ba da 22.71, mafi siranta 22.64. Abu biyu suka fito lokaci guda. Na farko, ko'ina a faifan ya faɗi ƙasa da 23. Na biyu, tsakanin wuri mafi kauri da mafi siranta akwai milimita 0.07.

Na ce, "Baba, wannan ɗan abin ne zai girgiza mota guda?"

Ya ce, "Malam, mai ba ya matsuwa. Duk abin da ya tura fistin baya, ƙafarka zai je."

Haka abin yake. A littattafan gyara na kamfanoni da dama, bambancin kaurin da aka yarda da shi bai kai milimita 0.03 ba. Idan fad ya matse faifai, duk lokacin da wuri mai kauri ya zo wucewa sai ya buɗa fad ɗin, fistin ya koma baya, man birki ya tura feda sama. Wuri mai siranta ya zo, kamun ya sassauta. A gudun kilomita 100 tayar wannan motar tana juyawa wajen sau 14 a daƙiƙa ɗaya, kamu da saki sau 14 ke nan, a taya ɗaya fiye da ɗayar. Rawar sitiyarin ke nan.

Amma bai tsaya nan ba, domin a cewarsa faifai ba ya cinyewa a karkace haka kawai. Ya mayar da notuna biyar a kan faifan ba tare da taya ba, ya ɗaure su daidai, ya manna gindin agogon a jikin shokozoba, ya ɗora bakin allurar a fuskar faifan kusa da gefe. Ya mayar da agogon kan sifiri, ya juya faifan a hankali da tafin hannu. Na tsuguna ina kallo. Allurar ta tashi, ta hau, ta hau, ta tsaya, ta komo, ta wuce sifiri kaɗan ta dawo. Daga ƙarshe zuwa ƙarshe milimita 0.11. Iyakar da Toyota ta sa wa wannan motar 0.05 ce, kusan rabin kaurin takardar rubutu. Wato faifan yana juyawa yana kaɗa kai, ba a miƙe yake tafiya ba.

Ya sa alli ya yi alama a faifan da kusar da ke kusa, aka kwance bol biyu masu lamba 17 da ke riƙe da mazaunin kalifa. Faifan ya ƙi fita, tsatsa ta manne shi. Yaron ya ɗauko guduma, Baba ya girgiza kai, ya nuna masa wasu ƙananan ramuka biyu masu zare a fuskar faifan. Ya ɗaura bol mai milimita 8 a kowanne, yana murɗa wannan kaɗan, wancan kaɗan, sai ji muka yi ɗas, faifan ya saki. Dukan guduma boris yake kashewa.

Fuskar hob, inda faifan yake zama, ɓawon tsatsa ne ya rufe ta, ya fi tudu a gefe ɗaya. Aka goge da buroshi da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, ya sake ɗora agogon a kan hob ɗin kanta. Da ƙyar allurar ta motsa. Hob lafiya take.

A nan ya haɗa min zaren labarin. Ɗan ɓawon tsatsa a tsakiya, ko noti ɗaya da aka ɗaure fiye da 'yan'uwansa, ya isa ya sa faifai ya zauna a karkace, kuma karkatar da ba ta kai komai ba a tsakiya tana ƙaruwa kafin ta kai baki. Faifan da ke kaɗa kai yana shafar fad a wuri guda a kowane zagaye, ko ba a taka birki ba. Bayan dubban kilomita wurin nan ya cinye fiye da sauran. Ga kuma sandar da ta cije tana riƙe fad a jikinsa, tana ƙara zafi. Abin da muke kira lanƙwasa sau da yawa wannan ne. Shi ya sa mutum zai saka sabon faifai, ya ji daɗi na 'yan watanni, rawar ta dawo, ya ce jabu aka sayar masa, alhali a kan tsohuwar tsatsa aka ɗora shi, aka kuma ɗaure taya yadda aka saba.

Ɓangaren fasinja bai ci lokaci ba. Sanduna lafiya, fad sun cinye daidai, faifan ya ba da 23.3, da 'yan layuka a fuskar ciki.

Na kawo zancen sassaƙa. A Panteka akwai gwanayen injin juya ƙarfe da za su mayar da fuskar faifai fes, kuma kuɗin bai kai na sabo ba. Baba bai kushe aikinsu ba. Ya ce sassaƙa gyara ce ta gaskiya idan akwai naman da za a cira, kuma sharaɗin ɗaya ne: bayan an gama, kaurin ya tsaya sama da lambar da ke jiki. Na direba ya riga ya faɗi. Na fasinja saura 0.3, kuma kafin a share layukan a fuska biyu an cinye wannan da ƙari. Canza ɗaya a bar ɗaya kuma bai taso ba, domin kamun ƙafafun zai bambanta, mota ta riƙa ja gefe idan an taka da ƙarfi. Biyun za a canza, tare da fad.

Na san halin da ake ciki, kuma ba na ganin laifin mai neman na hannu. Sau da yawa faifan Baljiyam na asali ya fi wani sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba. Abin da nake ƙi shi ne saye da ido. Baba ya ba babban yaronsa maikiromitar muka tafi kasuwa tare. Wani mai shago ya fito mana da guda biyu suna walƙiya, ya ce, "Alhaji, wannan ai kamar sabo ne." Yaron ya auna: 23.2. An sassaƙe su ne, ƙyallin na injin ne, saura ƙiris su mutu. Mai shagon da kansa ya karɓi ma'aunin ya duba, ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuma na yarda da shi. A ƙarshe sababbi muka saya. Su ma sai da aka auna, suka ba da 25, yaron ya leƙa gefensu ya tabbatar farantan biyu kaurinsu ɗaya, ba a faɗaɗa ramin iska don a rage ƙarfe ba.

Ɗaurawar ta tafi da sauri, amma ba a tsallake komai ba. Sabon faifai yana zuwa da wani mai da aka shafa masa don kada ya yi tsatsa, aka wanke shi tas da ruwan sabulu aka busar. Aka ɗora a kan hob mai tsabta, aka sake sa agogo. Na fasinja ya ba da 0.02. Na direba ya ba da 0.06, sai Baba ya cire shi ya juya shi zuwa kusa ta gaba ya sake aunawa, ya sauko 0.03. Tunda kusoshi biyar ne, zama biyar faifan yake da shi, ana neman wanda ya fi daidai. An wanke sandunan, an sa sabuwar roba, an shafa giris na silikon. Giris na boris da aka saba lakatowa yana kumbura robar, sandar ta sake cijewa.

Da aka mayar da fistin ciki, man da ya taso a tankin ya yi duhu, sai muka canza shi gaba ɗaya. DOT 3 aka rubuta a murfin. Irin wannan man yana shan ruwa daga iska a hankali. Ƙa'idarsa ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa wajen 140, kuma man da ya tafasa a gangara shi ne fedar da ke tafiya har ƙasa ba kamu.

Notunan taya da hannu aka fara ɗaura su, sannan da sifana mai ma'auni, ana tsallake ɗaya ana kama na gaba, har kowanne ya yi ƙas a niyuton-mita 103. Na karɓa na gwada ɗaya. Ɗaurin bai kai rabin wahalar da na saba gani ana sha ba, babu bututu, babu hawa da ƙafa. Kafin a motsa motar Baba ya sa na taka feda sau da yawa har ta yi tauri, domin takun farko bayan irin wannan aiki fanko ne, fistin bai riga ya iso fad ba.

Muka koma titi don fad da faifai su saba da juna. Daga kilomita 60 a sauko zuwa wajen 10 da matsakaicin taku, ba tare da an tsaya cak ba, a sake hawa, kamar sau takwas zuwa goma, sannan a yi 'yar tafiya ba birki don ƙarfen ya huce. Ya ce kada in tsaya in danne feda a kan faifai mai zafi, domin fad yana barin shatinsa a wuri guda. Da muka gwada a 90, sitiyari bai motsa ba.

Ya kwafe lambobin a bayan katin garejinsa ya ba ni, ya ce in ajiye tare da takardun mota, duk ranar da za a canza fad a sake aunawa a kwatanta. Ya ce in dawo bayan 'yar tafiya a sake duba ɗaurin notuna, na kuwa dawo, suna nan yadda aka bar su. Ƙafafun baya na wannan motar dram ne, wato birki mai kama da kwano maimakon faifai, nasu awon daga ciki ake yi: sabo faɗinsa milimita 200, iyakarsa 201. Mun yi da shi za a buɗe su ranar da zan kawo ta juyen baƙin mai.